Katin zaɓe na biyometri: yadda na same shi

Jama'a, ni dai katin nan na biyometri da muka yi zaɓen 2020 da 2021 da shi a Nijar, a wajen rajista ya burge ni. An ɗauki hotona, an ɗauki yatsu a na'ura, sunana ya fito daidai, katin kuma mai ƙwari ne, har yau yana cikin jakata bai lalace ba. A da mutum ɗaya sai ya mallaki kati biyu uku, matattu ma suna cikin lista, wannan kam ya ragu sosai. Hukumar zaɓe CENI ta ce mutum wajen miliyan 7 da dubu 400 ne suka yi rajista.

Inda raina ya sosu shi ne ranar zaɓen kanta. A biron zaɓen da na je a unguwar Birni ta Damagaram babu na'urar da ta duba yatsana, kallon katin aka yi aka nemo sunana a takarda, na dangwala, aka shafa mini tawada, shi ke nan. To yatsun da aka ɗauka fa? Ƙirga ma da hannu, sakamako a takarda. 'Yan uwanmu na Najeriya a 2023 da na'urar duba yatsa da fuska ta BVAS aka tantance su, amma su ma da aka zo ɗora sakamako a intanet rigima ce ta tashi.

Sai halinmu kuma, wlh wannan ya fi damuna. A unguwarmu matasa da yawa sun yi rajista amma ba su je karɓar katin ba, wai an riga an gama komai tun daga Yamai, wasu kuma sabulu da atamfa ne suka juya su. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, nan Damagaram zance ɗaya ne, ɗan gida, tunda Mahamane Ousmane, wato Nafarko, haifaffen garin nan ne, abokin karawarsa Bazoum kuma ya yi depite na Tesker da ke jihar nan, kusan ba ka jin mai tambayar wa zai magance mana matsalar ruwa. Da aka ba Bazoum kashi 55 da 'yan kai, Mahamane Ousmane ya ƙi yarda, aka katse intanet na kwanaki, wanda dama yake da shakka sai ta ƙaru.

Katin na yaba shi. In Allah ya kai mu wani zaɓen, a sa na'urar duba yatsa a kowane biro, a kuma liƙa sakamako a ƙofa kowa ya ɗauki hoto da wayarsa.