Gargaɗi ga injiniyoyi masu neman aiki a Abuja: ana farautar kuɗinku da takardunku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan saƙo na ƙannenmu ne da suka karanta injiniyanci, suka gama bautar ƙasa, suka maƙale a Abuja suna zagaya ofisoshi da ambulan a hammata. Har da iyayen da ke turo musu kuɗin mota daga gida. Akwai wasu mutane da ke baza sanarwar ɗaukar injiniyoyi a WhatsApp da Facebook da Telegram, suna kiran kansu wakilan manyan kamfanoni. Ba su da aikin bayarwa ko guda. Abu biyu suke nema a wurinku, kuɗi da takardu, kuma a ganina asarar takardun ta fi ta kuɗin muni.

In ka kalli sanarwar da idon ɗan sana'a, tun layin farko take tona kanta. Za ka ga an jero injiniyan gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna, da na sinadarai, da na man fetur, da na ma'adinai, da na kwamfuta, har da na aikin gona, duk a shafi ɗaya, albashi ɗaya, sharaɗi ɗaya, wai ba a buƙatar ƙwarewa. To wane irin aiki ne wannan da zai haɗiye kowa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin aiki ya san ba haka ake neman injiniya ba. Kamfanin da ke gina gada yana neman wanda zai karanta zanen rodi, ya san yaushe ake cire katako bayan an zuba kankare, ya san dalilin da ya sa ake fasa samfurin kankare a kwana 7 da kuma kwana 28. A lantarki ma kowa da gefensa. TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, na riƙe da manyan layuka masu kilobolt 330 da 132, su kuma kamfanonin rarraba wuta irin AEDC da ke kula da Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa suna aiki da 33 da 11. Wanda ya ƙware a na'urorin kariya na babbar tasha daban yake da mai haɗa sola a rufin gida, duk da cewa aji ɗaya suka zauna. Injiniyan sinadarai a matatar mai, hankalinsa na kan zafi da matsi da abin da ke gudana a cikin bututu. Na ma'adinai yana tunanin gangaren rami da yadda ƙasa za ta riƙe kanta. Mai neman ma'aikaci da gaske zai faɗi wanda yake so, da manhajar da yake so ya iya, da wurin da zai tura shi.

Su kuwa waɗannan sai su rataya sanarwar a wuyan ayyukan da kowa ya ji sunansu a rediyo. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yana cikin waɗanda suka fi so, saboda ya ratsa ta yankin Abuja. Sai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, sai matatar Dangote da ke Legas, sai NNPC. Ayyukan na gaske ne, shi ya sa ƙaryar take zama daram. NNPC ta sha fitar da sanarwa tana cewa ba ta karɓar kuɗi kafin ta ɗauki mutum aiki, amma sanarwar ba ta yawo kamar yadda ta 'yan damfara ke yawo.

Da ka tura takardunka, ba a daɗe sai saƙo ya shigo wayarka cewa an zaɓe ka. Za a kira ka ganawa a wani ɗakin taro na haya, yau a Utako, gobe a Wuse, wani lokaci can Mararaba. Za ka tarar da kujeru a jere, da wata baiwar Allah a bakin ƙofa tana rubuta suna, da mutum biyu ko uku cikin kwat. Tambayoyin da za a yi maka ba su da alaƙa da abin da ka karanta. Ba wanda zai miƙa maka zane ya ce karanta, ba wanda zai tambaye ka girman wayar da za ta ɗauki kaya kaza. Za a tambaye ka wa ke ɗaukar nauyinka, babanka me yake yi, kana da ɗan uwa a gwamnati? Ƙarfin aljihun gidanku ake aunawa. Kuma kowa yana cin wannan jarrabawa, ban taɓa jin wanda ya faɗi ba.

Daga nan sai a fara janka kamar akuya da dusa. Farko kuɗin fom, ɗan kaɗan ne, ba zai sa ka yi dogon tunani ba. Sai gwajin lafiya, amma a wurin da su suka zaɓa. Sai kwas ɗin kiyaye haɗari a wurin aiki, wanda ake kira HSE, a ce ba a shiga wurin aikin mai sai da shi, kuma su ne za su koyar. Kwas ɗin HSE abu ne na gaske kuma yana da amfani, amma na kwana ɗaya da aka yi a ɗakin haya aka buga takarda a shagon kwamfuta ba ya kai mutum ko'ina. Sai kuɗin hular kwano da takalmi da riga mai ƙyalli, alhali a kamfanin kirki kamfani ne ke raba wa ma'aikatansa waɗannan. In sun ga kana biya ba gardama, sai wani ya ja ka gefe ya sassauta murya: "Injiniya, ai kai ka riga ka samu. Gurbin na wani babba ne, ɗansa ya tafi waje, shi ya sa ake so a rufe maganar yau." Nan ne ake kiran babban kuɗi. Ku lura da lambar asusun da ake bayarwa, kullum sunan mutum ne, ba sunan kamfani ba. Bayan ka biya za a ba ka takardar kama aiki mai tambari da sa hannu, a ce ka jira kiran tafiya. Ranar da ka gaji da jira ka koma ɗakin taron, wasu za ka tarar suna bikin suna a ciki, su kuwa sun yi layar zana.

Dalilin da ya sa masu hankali suke faɗawa ba wauta ba ce. Sayar da gurbin aiki ya faru a ƙasar nan, kowa ya sani. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi na jihar Filato don binciken badaƙalar ɗaukar aiki a hukumomin tarayya, kuma an ji shaidu a bainar jama'a suna bayanin yadda kuɗi ya canja hannu. Ɗan damfara ya san ka ji wannan labari, ya san ka yarda cewa ta bayan gida ake shiga. Ya kuma san in ya cinye kuɗinka ba za ka yi ihu ba, domin kai ma ka san abin da ka je saye ba halal ba ne. Shirunka na cikin lissafinsa tun farko.

Akwai kuma wata hajar da suke tallatawa a gefe, wato rajistar gaggawa ta COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniyanci. Za a ce maka aikin na buƙatar mai rajista, amma kada ka damu, suna da mutum a ciki, cikin mako biyu za ka fara sa "Engr." a gaban sunanka. Ƙanina, ba a yin haka. An kafa COREN da doka mai lamba 55 ta 1970, ita ce hukumar da ke da ikon yi wa injiniya rajista a Najeriya, kuma hedikwatarta na nan Wuse, ba sai an bi ta hannun kowa ba. Mai digiri yana buƙatar aƙalla shekara 4 na aiki bayan kammala karatu, ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi da hannunsa, manyan injiniyoyi su tsaya masa, a zaunar da shi a tantance. Hukumar tana da rukuni daban na masu HND, da na masu fasaha, da na masu sana'ar hannu, kowa da matsayinsa. NSE kuma, wadda aka kafa a 1958, ƙungiya ce ta injiniyoyi, shiga cikinta ba ya maye gurbin rajistar hukuma. Wanda ya sayi takardar bogi, shi za a kama da ita a hannu, ba wanda ya buga masa ba, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2018 ya ƙara wa hukumar ƙarfin gurfanar da masu laifi.

Yanzu bari in juyo ga abokan aikina da suka riga suka yi rajista, domin ku ma ana kiran ku, kuma ku ba a tambayar ku ko sisi. Za a karrama ka, a ce manaja ake nema na wani babban aiki, a kawo maka shayi. Sai a nemi kwafin digirinka mai kala, da na COREN, da na NSE, da tarihin ayyukanka mai ɗauke da sa hannunka, da hoto, da lambar NIN. Wasu har su ce ka buga hatiminka a wata takarda don tantancewa. Za ka tafi gida kana murna ba a ci maka komai ba. Abin da ka manta shi ne, tun bayan dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilar gwamnati, mai neman kwangilar gini ko hanya ko lantarki yakan haɗa da jerin ƙwararrun ma'aikatansa da kwafin takardunsu. Akwai 'yan kwangilar da ba su da injiniya ko ɗaya, daga jaka sai katin kamfani. Takardunka ake kai musu. Sunanka zai shiga cikin kundin neman kwangila a matsayin mai kula da aikin da ba ka taɓa taka ƙafarka a ciki ba. Za a rage rodi, a ƙara yashi, a ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don bene ba, kai kana can kana jiran kira.

Ranar da gini ya tsage ko ya rufta, ba a fara tambayar sunan birkila. Mutanen Jos ba su manta da ranar 12 ga Yuli 2024 ba, lokacin da ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Allah ya kiyaye na gaba. Bayan irin wannan musiba a ko'ina, tambayoyin farko su ne wa ya zana, wa ya amince, wa ya sa ido. In sunanka ne a takarda, kai za a nema, kuma "ban san da aikin ba" magana ce da sai ka kawo hujjarta. A nan ba zan ɓoye ba, akwai cikinmu masu ba da hayar takardunsu da saninsu, a ba su ɗan wani abu duk kwangila. Waɗannan ba a damfare su ba, su ne suka buɗe kasuwar da ake sayar da na sauran.

Na ƙasashen waje ma hanyar ɗaya ce, sai dai kuɗin ya fi yawa. A ce maka Saudiyya ko Katar na neman injiniyoyi, ka kawo fasfo da kuɗin biza. Ku sani bizar ziyara ko ta Umara ba ta aiki ba ce, kuma a Saudiyya injiniya baƙo sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar, an tantance digirinsa. A nan gida kuma Ma'aikatar Ƙwadago ce ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi. Ka nemi ganin lasisin, kada ka bar fasfonka a hannun kowa. Ɗalibai masu neman wurin SIWES, wato horon da ɗalibai ke zuwa yi a wuraren aiki, ku ma an fara sayar muku da wasiƙun karɓa na kamfanonin da babu su. Ku bi ta ofishin SIWES na makarantarku, shi ke hulɗa da ITF, hukumar da ke kula da shirin.

Kafin ka biya ko ka miƙa takarda, ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma kada ka tsaya nan, domin yin rajistar kamfani ba wuya, su ma suna yi. Ka je ofishinsu ranar da ba su kira ka ba. Ka tambayi wane aiki suke yi yanzu, a ina, wa ya ba su, sannan ka hau mota ka je ka gani da idonka. Wurin aiki ba ya ɓuya, akwai allo, akwai motoci, akwai mai gadi da zai gaya maka gaskiya. In an ce hukumar gwamnati ce, yawanci shafinta yana ƙarewa da gov.ng, ba ta aiko da wasiƙa daga Gmail, kuma kuɗin hukumomin tarayya asusun gwamnati ake biyan su, ba asusun wani malam ba. Ka kai sanarwar wurin wani babba a reshen NSE mafi kusa da kai, ko malamin da ya duba maka aikin ƙarshe a jami'a. Minti biyar ya ishe shi. Duk kwafin da za ka bayar, ka rubuta a kansa da biro, ta tsakiya, sunan wanda ka ba da dalili da kwanan wata. Hatimi kuwa ba a buga shi sai a kan aikin da ka yi.

Iyayenmu, don Allah in yaro ya bugo waya ya ce a sayar da fili ko shanu yau-yau domin gurbi zai wuce, ku ce ya ba ku kwana uku. Kamfanin da ke son injiniya zai jira kwana uku.

Wanda kuma ya riga ya biya, kada kunya ta zaunar da shi. Ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin kuɗin ba ya kwana a asusun da ya fara sauka. Ka adana rasit, da saƙonni, da lambobin waya, da takardar kama aikin da suka ba ka, kada ka goge komai don haushi. Ka nemi sauran da kuka zauna tare a ɗakin ganawar, ku kai ƙara tare wurin 'yan sanda ko hedikwatar EFCC da ke Jabi. In akwai ma'aikacin gwamnati a ciki, ICPC ma na karɓar irin wannan. In kuwa takardunka na rajista ka bayar, ka rubuta wa COREN wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi wa ka ba da ranar da ka bayar, ka ce ba ka aiki da su, a buga maka tambarin karɓa a kwafinka ka ajiye.