Ya wanke mana na'ura, ya kashe mana kolon

Wata uku muna fama da na'urar HPLC ɗinmu, mai rarrabe sinadaran da ke cikin samfur ta auna su, a nan Ngaundere. Aikinmu auna ragowar oksitetrasiklin a madarar shanu, allurar nan da makiyaya ke yawan yi wa dabbobi, mu ga ko ta haura iyakar mikrogiram 100 a kilo. Shi kuwa maganin nan akwai shi da kama ƙarfe. Da ya tarar da tsatsa a bututu ko a matata sai ya manne. Tsinin zanen da ke nuna maganin, wanda ya kamata ya fito siriri a allo, sai ya zo yana jan jela, na ƙananan samfura ma ya ɓace gaba ɗaya. Mun zuba asid oksalik a ruwan aiki, wato ruwan da ke tura samfur cikin na'urar, ya rage, bai warke ba.

Shi ne muka kira wani kamfani daga Duwala. Injiniyansu ya iso da jirgin ƙasan dare daga Yawunde, bai ko huta ba ya kama aiki. Gaskiya ya san hannunsa. Ya kwance wata 'yar matata ya ɗora min a tafin hannu, ta yi ja kamar ƙasar bakin hanya. Ya ce ruwa mai gishirin kulorayid da ke kwana cikin ƙarfen inoks na na'urar idan wuta ta ɗauke, shi ya cinye ta. Ya sauya bututun da na PEEK, wata irin roba da ba ta tsatsa. Har na fara sa masa albarka.

Saura wankin ciki da asid nitirik. Na fita sallar azahar, na dawo na tarar famfo na aiki, kolon ɗinmu na C18, bututun nan mai cike da garin silika da ke rarrabe sinadarai, yana nan a ɗaure! Na ce, "Injiniya, ba ka cire kolon ba?" Ya dafe kai ya ce, "Malam, wallahi na sha'afa." Kowane ɗalibi ya san silikar nan ba ta jure asid mai ƙarfi, ƙasa da pH 2. Nan take kolon ya mutu, kuma shi kaɗai ne mai kyau a hannunmu.

Da tsohon kolon da muka kakkaɓe daga durowa, jelar ta tafi, wannan ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya ƙona min rai, kamfanin cewa ya yi dama kolon ya tsufa, alhali takardar sayensa na hannuna. Sau huɗu ina kira, kullum oga ya fita. Samfuran madara suna nan jibge a firiza, makiyaya na ta zuwa tambayar sakamako, ni nake ba su haƙuri.