Filasta mai kala a hannun 'yar shekara 6: abin da kuɗina ya saya

Idan ɗanki ya karye aka ba ki zaɓi tsakanin farar filasta da mai kala, kuma aljihu zai ɗauka, ki ɗauki mai kalar. Sai dai ki san me kike saya, domin an yi min romon baka a kanta fiye da abin da idona ya gani.

Autata ce ta faɗo daga lilo a makaranta, ta dafa ƙasa da hannun hagu. Hoto ya nuna irin karayar nan ta yara, ƙashin bai rabu biyu ba, ya lanƙwashe ya tsage ta gefe ɗaya kamar ɗanyen reshe. Surukata ta so a kira mai ɗori, maƙwabta suka ce a nufi Asibitin Ƙashi na Dala, mu kuma da yake dare ya yi sai muka shiga wani asibitin kuɗi da ke kusa da mu a nan Kano. A daren rabin filasta aka sa mata, fara, aka naɗe da bandeji, saboda sabuwar karaya tana kumbura kuma dole a bar mata wuri. Sai da kumburin ya saɓe bayan kamar mako guda aka zo maganar mai zagaye hannu gaba ɗaya.

Mai kalar ba farar ba ce aka shafa wa fenti. Wani bandeji ne na zaren gilas mai danƙo, yana zuwa a rufe cikin leda, da an tsoma shi a ruwa an naɗa sai ya sandare cikin 'yan mintuna. Kafin mu isa gida ya gama ƙarfi, alhali farar takan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin ta bushe sosai. Ba shi da nauyi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da za ta rataye hannu a wuya mako 4. Kuɗinsa kuwa ya ninka na farar, har da ɗoriya.

Inda kalar ta yi aiki shi ne a zuciyar yarinyar. Ranar farko sai da mutum biyu suka danne ta. Wannan karon mai sa filastar ya baje mata ledoji a kan tebur, ya durƙusa daidai tsayinta ya ce, "Ƙanwata, hannunki ne, ke za ki zaɓa." Ta tsaya tana tantama tsakanin shuɗi da ruwan hoda, kafin ta ankara an sa mata safar ciki da auduga. Tun da ta faɗi kowa ke yanke mata hukunci, kwanta, miƙo hannu, kar ki motsa. Wannan ne abu ɗaya da aka bar mata, ta kuwa riƙe shi da kyau. Farar a ƙarƙashin hijabi take ɓoye ta, ta ƙi zuwa makaranta don kar a ce mata mai karyayyen hannu. Da ruwan hodar ita ke tashina da safe. 'Yan ajinsu suka rubuce ta da sunayensu, malamar Islamiyya ta sa mata "Allah ya ba da lafiya" a gefe. Ga mai shirin zaɓa: kala mai duhu tana shanye rubutu, kuma biro ba ya kamawa, sai alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka.

Ƙaiƙayi kam, kala ba ta san da shi ba. A watan Afrilu abin ya same mu, zafi ya haura digiri 40, ga rashin wuta. Audugar da ke ciki iri ɗaya ce ko fara aka sa ko mai kala, gumi kuma can yake taruwa. Da rana tana alfahari da hannun, ƙarfe 2 na dare tana kuka tana neman tsinken tsintsiya. Ba a yarda a cusa komai ba, don fata na iya yagewa ta yi gyambo a inda ido ba ya kaiwa. Sai dai fifita ta bakin filastar, ko iska mai sanyi ta na'urar busar da gashi idan an kawo wuta, ko a ɗan ƙwanƙwasa daga waje. Maganar da aka faɗa min a wurin biyan kuɗi, wai ba ta jin ruwa, rabin gaskiya ce. Bawon ba ya narkewa, amma auduga tana sha ta ƙi bushewa. Wanka sai da leda da ɗaga hannu sama, alwala kuma shafa take yi a kai da hannu mai danshi.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ƙarin kwalliyar da asibitin ke sayarwa daban: sitika da ƙyalƙyali da ake mannawa da gam. Bawon yana da 'yan ƙofofi da iska ke bi, sitika kuma toshe su take yi. Ba a jima ba gefunanta suka ɗago, gam ya kwashi ƙura ya yi baƙi, ƙyalƙyalin ya bi ta har cikin kwanon tuwo, wata rana ma ya shiga ido. Asarar kuɗi ce. Bayan filastar kuma yana da kaushi, ya fizge zaren hijabi biyu, ya karce mata kunci cikin barci. Maganin da ya fi komai arha na samu: tsohuwar safar ƙafa mai zane, na yanke bakinta na zura a kai. Ta rufe kaushin, ana wanke ta, kuma yarinya na canza wadda take so kullum.

Mai naɗawar dai na yaba masa. Ya lanƙwaso auduga a kan bakunan don kar su ci fata, ya bar yatsu a waje, ya sa ta motsa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce min, "Hajiya, in kin ga yatsun sun kumbura, ko sun canza launi, ko sun yi sanyi, ko ta ce ba ta jin su, ko ciwo na ƙaruwa duk da magani, kar ki jira gari ya waye." Ya ƙara da cewa in sa hanci a kai a kai, don mai kala ba ta saurin nuna tabon jini ko ruwa yadda fara ke yi.

Ranar cirewa ce suka yi sakaci. Wani ma'aikaci daban muka tarar, ya kunna zarto ba tare da ya ce mata uffan ba, ƙarar ta cika ɗakin, yarinya ta kusa faɗowa daga gado. Zarton nan ba juyawa yake ba, karkarwa yake, shi ya sa yake yanka abu mai tauri ya bar auduga, kuma minti ɗaya ya isa a bayyana wa yaro haka. Ki roƙa a yi masa wannan bayanin kafin a taɓa shi. Hannun zai fito siriri, fata na saɓa, da ɗan wari. Ruwan ɗumi da man kaɗanya suka gyara namu cikin 'yan kwanaki, ba tare da an dirje ba.