GARGAƊI: mai sayar da ekstenshan na duba farashin USDT ɓarawo ne

Jama'a, dala 640 na USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, aka ɗauke min ina zaune a gaban kwamfutata. Dala 640. Rabin kuɗin ma na yayana ne, na kayan da za mu biya a Guangzhou ta ƙasar China. Har yanzu ban iya haɗa ido da shi ba.

A wani zauren 'yan P2P, masu saye da sayar da kirifto a tsakaninsu, na gamu da mutumin, yana tallar ƙaramar manhajar nan da ake liƙa wa Chrome, ekstenshan, wai yana nuna maka inda farashi ya fi sauƙi. Naira 15,000. Kafin wani ya zo yana ce min kwaɗayi ne ya ja ni, ku sani na tambaye shi. Wallahi na tambaye shi. Na ce me zai hana abin nan taɓa min asusu? Ya ce, "Haba Alhaji, ai Chrome ba ya barin ekstenshan ya motsa sai ka danna da hannunka." Ban tsaya a maganarsa ba, na je na bincika, na tarar akwai gaskiya a ciki. Ekstenshan ba ya iya fito da akwatin neman ƙarin izini sai mutum ya danna wani abu a jikinsa. Akwai ma izinin da ba ya aiki sai ka taɓa alamarsa a saman burauza, kuma a shafin da kake kai kaɗai. Ya ce ba ya hawa Chrome na waya sai kwamfuta, nan ma haka yake. To don Allah a ina zan ga ƙarya?

"Sai ka danna da hannunka." Maganar nan ta hana ni barci. Abin da ya ɓoye min shi ne dannawa ɗaya tak yake nema. Akwatin ya fito, an rubuta cewa zai iya karantawa da canza duk bayanaina a kowane shafi na shiga. Na sake tsayawa, na sake tambaya. Ya ce in bai karanta shafin ba, ta yaya zai kwatanta farashi? Magana ce mai shiga hankali, ko wa aka faɗa wa. Na danna Allow. Daga nan bai ƙara buƙatar hannuna ba, duk shafin da na buɗe yana ciki.

Au, kafin nan ma, ba daga shagon Chrome na sauke shi ba. Fayil ya turo min, ya sa na kunna Developer mode, yanayin da masu ƙera manhaja ke gwaji da shi, na loda, wai kuɗin rajistar shagon ya fi ƙarfinsa. Jiya na gano dala 5 ce kacal, sau ɗaya ake biya. Dala 5 ta fi ƙarfinsa, ni ya kwashe min 640.

Ranar da zan tura kuɗin, na manna adireshin walat ɗin mai kayanmu, na bi shi harafi bayan harafi, duka 34 ɗin, daga T ta farko har ƙarshe. Daidai yake. Sai da mai kaya ya ce bai ga komai ba na shiga Tronscan, shafin da ake bin sawun ciniki, na ga kuɗin sun sauka a wani adireshin da ban taɓa gani ba. Abin da ke iya canza shafi yana iya nuna wa idonka adireshi ɗaya, ya tura wani. Kuma abin da ya fita a TRC20, hanyar da na tura USDT ɗin, ba ya dawowa. Na kira mai ekstenshan ɗin, a kashe. Ko da yake tun daren da na biya 15,000 ɗin ya rage amsa saƙo, na ɗauka hidima ce ta yi masa yawa.

Kada ku loda ekstenshan da aka turo muku a fayil. Wanda ya riga ya saka, ya cire yanzu, ya canza kalmar sirri daga wata na'urar.

Hotunan hirarmu da lambar cinikin suna nan, zan ɗora anjima in na rufe sunan mai kayanmu. Duk wanda ya saya a hannunsa ya yi min magana. Dala 640 da naira 15,000, ban yafe ba, Allah ya isa.