Sharhi kan wani ajin koyon raye-rayen Afirka ta Yamma

Na shafe watanni uku ina halartar ajin koyon rawar gargajiya da wata cibiyar motsa jiki take gudanarwa a kowace Asabar, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamar ta ƙi amfani da kiɗan da aka naɗa a na'ura. Makaɗa uku ne suke zuwa da jembe (gangar da ake kaɗawa da hannu) da gangunan dundun, wato dununba da sangban da kenkeni, kuma mai jembe ne yake buga wata gajeriyar alama da ke sanar da masu rawa lokacin sauya taku. Wanda bai horar da kunnensa ya gane wannan alamar ba, zai riƙa makara ko da ƙafafunsa sun iya.

An fara mana da kuku, rawar da ta fito daga yankin dazuzzukan ƙasar Gini, wadda take buƙatar durƙusar da gwiwa kaɗan da sakin kafaɗu, har gumi ya jiƙa mutum cikin mintuna kaɗan. Rawar sabar ta ƙabilar Wolof ta Senegal, wadda ake kaɗa gangarta da hannu ɗaya da sanda ɗaya, ta fi ƙarfina saboda yawan tsalle, kuma a ganina an gaggauta kawo ta ga sababbin ɗalibai.

Ƙorafina na gaske shi ne daɓen siminti da ake rawa a kansa ba takalmi, domin yakan bar idon sawu da ciwo washegari. Ɗakin yana buƙatar daɓen katako, kuma na faɗa wa masu cibiyar haka.