Mai gyaran hoto ya dawo mana da fuskar Kaka

Jama'a wallahi sai na yaba wa yaron nan mai shagon hoto a Wudil. Hoton kakanmu ɗaya tal muke da shi, Allah ya jiƙansa, yana tsaye riƙe da garma bayan shanun huɗarsa farare guda biyu, ruwan damina ya taɓa shi a ɗaki duk gefen ya cinye, fuskar ma da kyar ake ganewa. Na kai masa ba tare da wani sa rai ba.

Ya yi sikanin ya gyara a kwamfuta, ya fito da malfar da Kaka baya rabuwa da ita, har kunyoyin gero na bayansa sun fito raɗau. Kaka mutum ne da duk Juma'a yana kara wajen shanu, kuma rumbunsa bai taɓa rufuwa ga maƙwabci ba. Inna na gani ta fashe da kuka, tace ai wannan san shi ya ƙi sayarwa shekarar fari.

Mai hoton ya ɗan saɓa alkawari da kwana biyu saboda rashin wuta, amma ya kira ya bada haƙuri. Firam ɗin ma mai kyau ne, na sa ya ƙara wanke guda 5 na raba wa baffanni.