Bitar gane alamun tsattsauran ra'ayi: rana ta biyu ce ta fanshi kuɗinmu

Ni ce mataimakiyar shugaba a wata makarantar kuɗi da ke Argungu, boko da safe, Islamiyya da yamma. Tun da 'yan bindigar Lakurawa suka kai hari Mera, a ƙaramar hukumar Augie, cikin Nuwamban 2024, hankalin mai makarantarmu bai kwanta ba, don muna da yara 'yan can. Sai ta biya mana kuɗin bitar kwana biyu a Birnin Kebbi wajen wani kamfanin horaswa, mu tara, har da mai gadi.

Ranar farko ɓata lokaci ce. Wani matashi ya tsaya da majigi yana karanto mana alamu: barin gemu, ɗage wando, daina jin kiɗa, yawan zama a intanet. Misalansa duk daga Landan da Faris. Malaminmu na Alƙur'ani, dattijo mai furfura, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, wanga jeri naka ai ni ka zana. Sai a kira mini 'yan sanda." Aka yi dariya, amma ni raina ya ɓaci. Wanda ya ɗauki wannan jeri ya koma da shi makaranta, rabin malamansa zai fara zargi, yaron da ke cikin haɗari kuma ya wuce ta gabansa.

Washegari wata mata ta karɓa, wadda ta ce ta yi aiki a Barno. Ba ta ko kunna majigin ba. Ta fara da yadda Lakurawa suka samu gindin zama a Tangaza da Gudu: sun zo da sunan kare mutane daga ɓarayin daji, daga baya suka koma karɓar zakkar shanu da dukan samari kan waƙa a waya. Ta ce masu jan yaro ba da tufafi suke farawa ba, da kuɗi suke farawa da kuma ciwon da ke zuciyarsa. Yaron da aka sace wa ubansa shanu, ba a biya masa kuɗin zango ba, kwatsam ga shi da sabuwar waya. Ya daina bin liman salla, ya fara kafirta hakimi, yana ɓacewa ranar kasuwa. Ta nanata cewa guda ɗaya ba hujja ba ce, sai sun taru kuma sun zo da sauyi na farat ɗaya.

Abin da ya fi shiga kaina shi ne yadda za a yi bayan an gani. Kada a kunyata yaro a taron safe, kada a kore shi, domin kora miƙa shi ce ga masu jiransa. A rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, da kwanan wata, ban da zato. Mutum ɗaya ne a makaranta zai riƙe maganar, ya zauna da iyaye. In har ta kai ga makami ko shirin tafiya daji, to ta wuce mu, tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyar Lakurawa a matsayin ta ta'addanci a Janairun 2025, kuma dokar ta'addanci ta 2022 ta tanadi hukunci ga mai ɓoye bayani.

Da aka yi gwaji, mai gadinmu ne ya fi kowa. Ashe shi ya san wane babur ke tsayawa bakin ƙofa da wanda yake jira.

Ya kuwa yi mata tambayar da ta gagara: "Hajiya, in na faɗa, wa zai kwana ƙofar gidana?" Ta ce a sakaya suna, ta yi shiru. A garin da kowa ya san kowa, wannan ba amsa ba ce.

Takardun da aka raba duk da Turanci suke, mai gadin kuma sai ajami yake karantawa. Duk mai son biya, ya sa sharaɗin matar nan ce za ta koyar duka kwana biyun, a kuma kawo takardu da Hausa. Namu ni na zauna na juya su, Malam ya kwafe wa Baba mai gadi nasa da tawada.